Darussan da Duba Jini Ya Koya Mini Game da Gani da Zato

Aikina shi ne duba jini a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kuma mafi yawan gilasan da ke biyowa ta hannuna na neman ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka cewa madubin likita ne yake yin komai, wato a ɗiga jini, a leƙa, in akwai ƙwaya a gan ta, in babu a ce babu. Shekarun da na yi a kan wannan kujera sun nuna mini cewa madubin girmama abu kaɗai ya iya. Hukuncin abin da aka gani a ƙwaƙwalwar mai dubawa ake yanke shi, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta zuwa aiki hannu rabbana, tana zuwa ne ɗauke da abin da take tsammanin za ta tarar.

Ana huda yatsan mara lafiya, a ɗiga jini a kan gilashi, a baza shi da kusurwar wani gilashin har kaurinsa ya kai yadda da ƙyar za a karanta rubutun jarida ta cikinsa, sannan a bar shi ya bushe nesa da ƙuda da ƙura. Bayan nan a zuba masa rinin Giemsa da aka tsarma da ruwan da aka daidaita tsaminsa a kan ma'aunin 7.2, domin in ruwan ya kauce daga nan launuka sukan rikice. Idan gilashin ya bushe sai a ɗiga masa mai, a sauko da babban idon madubin, wanda idan ya haɗu da gilashin wurin leƙawa yake girmama abu ninki 1,000. A irin wannan shimfiɗa mai kauri jajayen ƙwayoyin jini sun riga sun fashe, saboda haka abin da ya rage a fili shi ne cibiyoyin fararen ƙwayoyin jini masu launin shunayya, da filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da kuma ƙwayar cutar in akwai ta. Ƙaramar ƙwayar falsifarum, nau'in ƙwayar cutar da ita ce ta fi yawa a wurinmu kuma ta fi kisa, jan ɗigo ce da siririn shuɗin zare da ya lanƙwashe a jikinsa, wani lokaci ya haɗe ya zama zobe, wani lokaci ya tsaya a rabi.

Ɗalibin da ya fara leƙa wannan fili ba ya ganin komai sai hargitsin ɗige-ɗige. Ƙwayar tana gabansa, haskenta yana shiga idonsa daidai yadda yake shiga idon ƙwararre, amma sai ya ɗago kai ya ce babu komai. Dattijon da ya koya mini aikin ba ya gaggawar nuna wa ɗalibi wurin da take. Yakan ɗauki jan biro da shuɗi ya zana siffar a takarda, ya ce, "Ɗana, ka nemi jan ɗigo da shuɗin zare a jikinsa, in ɗaya ya rasa ɗan'uwansa ka wuce." Ɗalibin zai koma kan madubi, kafin wani lokaci ka ji ya ce, "Baba, ga ta nan," daga nan kuma ya ga ta biyu da ta uku a filin da ɗazu ya ce wayam yake. Gilashin bai canja ba, hasken bai ƙaru ba, an dai ba ƙwaƙwalwarsa abin da za ta yi tsammani. Wannan ne darasi na farko da na ɗauka: ƙwarewa a aikin ido ba wani abu ba ce illa tsammanin da aka horar, kuma wanda ba shi da shi makaho ne a gaban madubi ko da idonsa garau yake.

Da na faɗaɗa karatu sai na tarar masana sun daɗe da lura da haka. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske da launi kaɗai ido yake karɓa kai tsaye, amma sanin nisan abu da girmansa da ko mene ne shi yana samuwa ne ta hanyar kwatantawa da abin da mutum ya riga ya sani, kuma wannan kwatantawar tana gudana da saurin da mutum ba ya jin ya yi ta. Ya ba da misali da mai karatu, wanda yakan gane kalmar da ya saba da ita da kallo ɗaya ba tare da ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba, ya kuma keɓe kashi guda na littafin ga kurakuran gani. A shekarar 1867 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya kai ga irin wannan matsaya, inda ya ce gani kintace ne da ƙwaƙwalwa ke yi ba da sanin mai ita ba. Masu binciken ƙwaƙwalwa na yanzu da yawa sun ɗora a kan haka, suna cewa ƙwaƙwalwa kullum tana hasashen abin da zai shigo ta ido da kunne, sannan ta gwada hasashen da saƙon da ya iso, ta yi gyara inda suka saɓa. Ana ci gaba da muhawara a kan iyakar wannan bayani, amma ginshiƙansa abubuwa ne da aka auna.

A bayan kowane ido akwai wurin da jijiyar gani take fita, kuma a nan babu ƙwayoyin da ke karɓar haske ko ɗaya. Edme Mariotte na Faransa ya bayyana wannan gurbi a shekarar 1668. Duk da haka babu wanda yake yawo yana ganin rami a gefen duniyarsa, ko da ya rufe ido ɗaya, domin ƙwaƙwalwa tana cike wurin da abin da ya dace da kewayensa, kuma ba ta sa wa abin da ta cike wata alama da za ta bambanta shi da abin da aka gani da gaske. Haka kuma, a zangon farko da saƙon ido yake yadawa a cikin ƙwaƙwalwa, mahaɗan jijiyoyin da suka fito daga ido kai tsaye ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga cikin ƙwaƙwalwar kanta suke fitowa, da yawansu kuma suna dawowa ne daga ɓangaren gani da ke wajen ƙeya. Tun kafin saƙo ya isa inda za a fassara shi, an riga an tarye shi a hanya.

Inda wannan ya zama matsala a wurinmu shi ne damina. Nijeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma a arewa cutar tana tashi ne daga watan Yuli zuwa Oktoba. A irin wannan lokaci layi yakan kai bakin ƙofa, iyaye mata goye da yara masu zafin jiki, kowace takarda likita ya rubuta a duba maleriya, kuma gilasai da dama a jere sukan fito da ƙwaya ƙarara. Idan mai dubawa ya ɗora gilashi na gaba, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta karkata, kuma tana da hujjar karkata, tunda abin da take tsammani shi ne ya fi yawan faruwa. To amma fili ba ya rasa abubuwan da suka yi kama da ƙwaya. Filatilet guda da ya ware daga 'yan'uwansa yakan yi ja a tsakiya da dishi-dishin shuɗi a gefe. Guggubin rinin da ba a tace ba yakan zauna a matsayin ɗigo mai duhu, haka ma funfunar da ta tsiro a ruwan da ya kwana biyu, da ƙurar da ta sauka kafin jini ya bushe. Idan jan ɗigo ya faɗo kusa da wani shuɗin tabo, ƙwaƙwalwar da ke jiran zobe sai ta ƙarasa zanen da kanta. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma abin da na fahimta a aiki shi ne mutumin nan ba tsumma ya gani ya tsorata ba, a wannan ƙiftawar maciji ya gani. Ma'aikacin da ya rubuta an ga ƙwaya a gilashin da babu ita sau da yawa ba ƙarya ya yi ba, kuma in ka sa shi ya rantse zai rantse da gaskiyarsa.

Akwai kuma tsammanin da ke shigowa daga bakin taga. Mara lafiya ya biya kuɗin gwaji, jikinsa na ciwo, kuma ya saba jin an ce masa "fulos ɗaya", wato alamar + guda da ke nuna an ga ƙwaya kaɗan. Idan aka miƙa masa takarda cewa ba a ga komai ba, wani yakan ce ɗakin gwajin bai iya aiki ba, ya tafi inda za a gano masa. Ba na jin akwai mai dubawar da wannan nauyi bai taɓa zama a kafaɗarsa ba, kuma nauyin ba ya zuwa da siffar "rubuta ƙarya", yana zuwa ne ta hanyar sa ɗigo mai shakka ya ƙara kama da ƙwaya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa nake goyon bayan a bar tsarin fulos a koma ƙirga ƙwayoyi a kan fararen ƙwayoyin jini 200, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so, domin wanda zai ƙirga dole ya tsaya a kan kowace ƙwaya ya tabbatar da ita.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin aikin madubi shi ne na adadin kuromosom ɗin ɗan'adam, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da gado a cikin cibiyar ƙwayar halitta. A shekarar 1923 Theophilus Painter na Jami'ar Texas a Amurka ya ba da rahoton cewa 48 ne, alhali a wani rubutu da ya yi a 1921 shi da kansa ya ce a samfuran da suka fi fitowa sarai 46 ya ƙirga. Samfuran wancan zamani a cunkushe suke, kuromosom suna hawa kan juna, kuma sai mai ƙirga ya yanke hukunci ko dunƙulen da ke gabansa ɗaya ne ko biyu. Da adadin ya shiga littattafai, sai aka shafe fiye da shekara 30 masu bincike a ƙasashe daban-daban suna leƙawa suna samun 48. Ko a 1952, lokacin da T. C. Hsu ya samo hanyar kumbura ƙwayoyin halitta domin kuromosom su warwatsu a gan su ɗai-ɗai, 48 ɗin ya ba da rahoto. Sai a watan Disamba na 1955 ne Joe Hin Tjio, yana aiki a ɗakin binciken Albert Levan a birnin Lund na Suwidin, ya samu hotunan da ba su bar wurin musu ba, suka buga sakamakon 46 a 1956. A cikin wannan rahoto sun ambaci wasu abokan aikinsu da suka yi ta samun 46 a ƙwayoyin hanta, suka dakatar da binciken saboda sun kasa gano sauran biyun da suka ɗauka sun ɓace musu. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, su ne gwanayen zamaninsu, kuma ƙirga abin da bai kai 50 ba ne aikin da ke gabansu. Duk lokacin da na ji zuciyata ta natsu da wani ɗigo a ƙarƙashin madubi, nakan tuna cewa su ma haka zukatansu suka natsu.

Tsammani ba ƙara abin da babu kaɗai yake yi ba, yana kuma shafe abin da ke akwai. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a birnin Boston sun ba likitocin duba hoto su 24 hotunan huhu na na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, domin su nemo ƙananan ƙulluttai masu nuna ciwon daji. A cikin hotunan ƙarshe sun saka surar goggon biri da ta ninka matsakaicin ƙullutu sau 48 a girma. Likitoci 20 daga cikin 24 ba su gan ta ba, kuma na'urar da ke bin motsin ido ta nuna cewa yawancin waɗanda suka rasa ta sun kalli wurin kai tsaye. Irin wannan yana da takwara a kan gilashin jini. Wanda ya sa maleriya kaɗai a ransa yana iya wuce tsutsar filariya, ko ƙwayar ciwon barci, ko fararen ƙwayoyin jini masu baƙuwar siffa da ke nuna ciwon dajin jini, yana kuma iya kiran kowace ƙwaya falsifarum alhali a ƙasarmu akwai nau'in malariye da obale. Da rani kuma lamarin yakan juya. Jeremy Wolfe da abokansa sun nuna a 2005 cewa idan abin da ake nema yana cikin rabin hotuna, masu nema suna rasa shi a kashi 7 cikin 100, amma idan yana cikin hoto ɗaya daga 100, kuskuren yakan haura zuwa kashi 30. Gilasai da yawa a jere babu komai suna koya wa ido ya sallama da wuri, shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a rubuta ba a ga ƙwaya ba sai an duba aƙalla fili 100, ko da zuciya ta gama yanke hukunci tun a fili na goma.

Wani zai ce in an yi kuskure an ba mutum maganin maleriya alhali ba ita ba ce, ai ba a yi asarar komai ba sai kuɗin magani. Binciken da Hugh Reyburn da abokan aikinsa suka buga a 2004 ya amsa wannan. A asibitoci 10 na arewa maso gabashin Tanzaniya sun bi marasa lafiya 4,474 da aka kwantar ana yi musu maganin maleriya mai tsanani, sai aka tarar kashi 46 cikin 100 ne kawai ke da ƙwayar a jininsu. A cikin masu ƙwayar kashi 6.9 suka rasu, a cikin marasa ita kuwa kashi 12.1. Da zarar an sa wa zazzaɓi suna maleriya sai neman dalilinsa ya tsaya, alhali yaron yana iya kasancewa da sanƙarau, ko ciwon huhu, ko cutar bakteriya a jini. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da cutar ta gwaji kafin a ba da magani, amma amfanin wannan shawara ya rataya ne a kan gwajin ya kasance yana faɗin abin da ke cikin jini, ba abin da kowa ya zo yana jira ba.

Darasin da ya fi mini wuyar karɓa shi ne cewa kyakkyawar niyya da sanin matsalar ba su isa kariya ba. Akwai wani zane da Franz Müller-Lyer ya fitar a 1889, layuka biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya kibiyoyin bakinsa sun kalli ciki ɗaya sun kalli waje. Ko ka sa ma'auni ka tabbatar daidai suke, da ka ɗauke ma'aunin ɗaya zai ci gaba da fin ɗaya tsawo a idonka. Itiel Dror ya gwada irin wannan a kan ƙwararru a 2006, inda ya ba masu tantance zanen yatsa su 5 zanukan da su da kansu suka taɓa cewa na mutum ɗaya ne, amma ya gaya musu cewa su ne zanukan da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi kuskure a kansu bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004. Mutum ɗaya ne kawai ya tsaya a kan hukuncinsa na farko. Tunda ba za a cire tsammani daga kai ba, kuma cire shi ma zai tafi da ƙwarewar gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne a tsara aikin yadda tsammani zai riƙa cin karo da abin da zai ƙaryata shi. Nakan karanta gilashi da lambarsa kafin in karanta bayanin likita, in rubuta abin da na gani, sannan in koma ga bayanin in ga ko akwai abin da ya kamata in sake nema. Bayanin yana da amfani ƙwarai, lokacin shigarsa ne ya kamata a kula da shi. Idan na yi shakka nakan miƙa wa abokin aiki gilashin ba tare da na ce masa komai ba, domin da zarar na ce "zo ka ga wannan ƙwayar" na riga na ara masa idona. Tsarin tabbatar da inganci na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanadi a zaɓi gilasai 10 kowane wata ba tare da son rai ba, 5 masu ƙwaya kaɗan da 5 da aka ce babu, a kai wa wani ya sake karantawa ba tare da ya san sakamakon farko ba. Wasu ma'aikata suna ɗaukar wannan a matsayin tuhuma, ni kuwa ina ganin shi ne gatan da aikinmu ya fi buƙata, tare da tace rini kowace rana da kuma ɗaga kai daga madubi a huta idan ido ya gaji.

Yanzu da ɗalibai suke zuwa hannuna, ina fara musu da zanen jan biro da shuɗi kamar yadda aka fara mini, domin ba za su ga komai ba sai da shi. Amma idan idonsu ya fara kamawa, nakan cakuɗa gilasai masu tsabta a cikin waɗanda nake ba su, ba tare da na faɗi ko nawa ne ba. Da yawansu sukan samo ƙwaya a ciki, saboda sun ɗauka malami ba zai miƙo gilashin da babu komai ba. Wanda ya yi haka nakan zauna da shi mu nemo ainihin ɗigon da ya gani, mu juya madaidaicin madubin sama da ƙasa mu ga ko yana ƙyalli irin na guggubi, mu duba ko shuɗin yana manne da jan ko kusa da shi kawai ya faɗi, har mu sa wa abin sunansa na gaskiya. Daga nan sai in canja wa gilashin lamba in mayar da shi akwati, domin ya sake zuwa hannunsa bayan wasu makonni ba tare da ya gane shi ba.